SUKA DAGA CIKIN GIDA: MALAM AMINU KANO DA 'YAN JAM'IYYARSA A KAN HANYAR ZAƁEN 1983

Gabatarwa

Abin da aka saba gani a lokacin yaƙin neman zaɓe shi ne 'yan kowace jam'iyya su yi ta yabon ɗan takararsu, suna kushe na abokan hamayya. Amma akan sami lokacin da suka mafi zafi takan fito daga cikin gida, watau daga bakin mutanen da suka ɗauki katin jam'iyya, suka yi mata wahala, suka kuma jefa wa ɗan takarar ƙuri'a a zaɓen baya. Irin wannan suka ta fi ta abokan hamayya ciwo, domin masu yin ta sun san ciki da wajen gidan, kuma jama'a sukan fi gaskata su.

Manufar wannan takarda ita ce a duba misali guda daga tarihin Jamhuriya ta Biyu a Nijeriya, watau sukar da wani ɓangare na jam'iyyar PRP ya yi wa Malam Aminu Kano, wanda shi ne shugaban jam'iyyar, shi ne ɗan takararta na shugaban ƙasa a 1979, kuma shi aka sāke tsayarwa domin zaɓen 1983 kafin rasuwarsa. Za mu bi diddigin inda saɓanin ya samo asali, da hujjojin kowane ɓangare, da abin da ya haifar a akwatin zaɓe. Ra'ayin da takardar ke son kafawa shi ne, kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya, kuma abin da ya karya jam'iyyar shi ne rashin zauren da za a zauna a saurari sukar, har aka mayar da kora ta zama amsa.

Tushen Al'amari

Ba za a fahimci wannan rikici ba sai an koma ga NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano kuma ya zama shugabanta a 1953. Sanarwar Sawaba, wadda ita ce ginshiƙin aƙidar jam'iyyar, ta nuna cewa akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da mulkin En'e da talakawa, kuma talaka ba zai sami 'yanci ba sai ya tashi ya ƙwato da kansa. Babban darasin da Malam ya yi shekaru yana koyarwa a kasuwanni da ƙauyuka shi ne talaka ya iya buɗe baki ya ce a'a, ko da a gaban hakimi ne ko alƙali. Mutane da yawa sun sha bulala da ɗauri a kan wannan darasi.

Sai dai akwai wani gefe na siyasar Malam da ya kamata a lura da shi. Mutum ne mai bambanta aƙida da dabara, ba ya kuma ƙyamar zama da abokin hamayya in ya ga akwai amfani. NEPU ta yi ƙawance da NCNC, bayan zaɓen 1959 kuwa NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, abokiyar gābar NEPU a Arewa, har Malam ya riƙe muƙamin mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a majalisar tarayya. Ya yi kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Yakubu Gowon daga 1967. A 1978 kuma ya halarci tarurrukan ƙungiyar da daga baya ta zama NPN, kafin ya fice ya kafa PRP. Saboda haka PRP ta gāji abubuwa biyu daga shugabanta: aƙida mai zafi wadda matasa suka riƙe da hannu biyu, da kuma halin sassauci wajen dabara wanda ba dukansu suka yarda da shi ba.

Zaɓen 1979 da Abin da Ya Bari

An ɗage takunkumin siyasa ran 21 ga Satumba 1978, aka yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP. A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta 1979, Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami ƙuri'a 5,688,857, Cif Obafemi Awolowo na UPN ya sami 4,916,651, Malam Aminu Kano kuwa ya zo na huɗu da ƙuri'a 1,732,113, kimanin kashi 10 cikin 100. Amma a Jihar Kano, Malam ya kwashe fiye da kashi 75, Shagari ya tsaya a kashi 19.94. Wannan ne ya jawo shari'ar nan ta jihohi goma sha biyu da biyu bisa uku, wadda Kotun Ƙoli ta yanke ran 26 ga Satumba 1979. Ke nan Kano ce jihar da ta kusa hana NPN shugabancin ƙasa a zagayen farko.

PRP ta ci kujerun gwamna biyu: Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Da hawansu mulki a watan Oktoba 1979 suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta daɗe tana nema. Sai dai halin da gwamnonin biyu suka sami kansu ya bambanta. A Kano PRP ce ke da rinjaye a majalisar dokoki. A Kaduna kuwa NPN ce ke da kujeru 64 cikin 99, ta kuma ƙi amincewa da sunayen kwamishinonin da gwamna ya yi ta aika mata, har ya yi mulkinsa duka ba shi da majalisar zartaswa.

Daga nan aka sami sabon yanayi a cikin jam'iyyar. Shugabanta, wanda sunansa ne ya kawo ƙuri'u, ba shi da ko kujerar kansila. Almajiransa biyu kuwa suna riƙe da baitulmali da gidajen rediyo da ikon naɗa mutane a muƙamai. Tambayar da ta taso ita ce, wa zai faɗa a ji: jam'iyya ko gwamnati?

Yadda Ɓaraka Ta Fara

Bayan zaɓe Shugaba Shagari ya gayyaci sauran jam'iyyu su shigo a tafi tare. NPP ce ta amsa, aka ƙulla yarjejeniya da ita. A ɗaya gefen kuma gwamnoni tara suka fara taro a kai a kai: biyar na UPN, biyu na GNPP, da biyu na PRP. Shugabannin PRP na ƙasa, watau Malam da Babban Sakatare S. G. Ikoku, suka umurci gwamnoninsu su daina halartar taron. Gwamnonin suka ƙi. Cikin 1980 aka kore su daga jam'iyyar. A watan Disamba na wannan shekara ɓangaren gwamnonin ya yi babban taronsa, ya zaɓi Michael Imoudu, tsohon shugaban ƙwadago wanda ya jagoranci yajin aikin gama-gari na 1945, ya zama shugaba. A 1981 Hukumar Zaɓe ta Tarayya, watau FEDECO, ta tabbatar da cewa ɓangaren Malam shi ne PRP a idon doka.

Mutanen Kano suka raɗa wa ɓangarorin suna. Masu bin gwamnoni su ne 'yan santsi, domin a ganin magoya bayan Malam santsi ya kwashe su daga kan hanya. Masu bin Malam su ne 'yan taɓo, waɗanda suka kafe wuri guda. Sunayen nan biyu, da aka fara da ba'a, suka raba unguwanni da majalisun hira da gidajen aure a Kano na tsawon shekaru.

Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Sukar da 'yan santsi suka yi wa shugabancin jam'iyyar ta tsaya a kan abubuwa uku. Na farko, sun yi zargin cewa ana karkata jam'iyyar zuwa ga NPN, wadda a ganinsu ita ce magajiyar NPC, jam'iyyar sarakuna da attajirai. Abubuwa biyu da suka faru a 1980 sun ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi a zukatan jama'a: korar Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno, zuwa Cadi a watan Janairu bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne, da kashe manoman Bakolori da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka yi a watan Afrilu. Duk gwamnan da ba na NPN ba yana da dalilin neman abokan tsayuwa. Na biyu, sun ce 'yan mutane kaɗan ne ke yanke hukunci da sunan jam'iyya ba tare da an kira babban taro ba. Na uku, sun ce su ne ke aiwatar da aƙidar a aikace, suna nuna soke haraji, da hukumar yaƙi da jahilci ta Jihar Kano, da ba ma'aikata hutun ranar ɗaya ga Mayu, wanda Kano ta fara a 1980 kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981.

Abin lura a nan shi ne, da harshen Malam aka soki Malam. Masu sukar ba su ce aƙidar Sawaba kuskure ce ba. Cewa suka yi shugabancin ne ya sassauta a kanta. Wanda ya koya wa talaka ya ce a'a, sai ga shi almajiransa sun ce masa a'a, suna kafa hujja da karatun da ya ba su.

'Yan taɓo ma suna da nasu hujjoji, kuma ba na raini ba ne. Na farko, taron gwamnonin nan UPN ce ke da rinjaye a cikinsa, kuma kowa ya san burin Awolowo na zaɓen 1983. Ƙaramar jam'iyya mai jihohi biyu in ta shiga irin wannan tafiya, 'yar rakiya za ta zama. Na biyu, jam'iyya ce ta tsayar da gwamnoni, da tutarta aka zaɓe su, saboda haka ba daidai ba ne su ƙulla ƙawance da wasu jam'iyyu ba da izninta ba. Na uku, akwai ƙorafin tsofaffin 'yan NEPU, galibinsu ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure da masu sana'ar hannu, waɗanda suka ga cewa su ne suka sha ɗauri, amma da abinci ya nuna sai 'yan boko da malaman jami'a suka zauna a kan akushi. A wurin irin waɗannan mutane, Malam uba ne, kuma fitowa a gidan rediyo a soki uba butulci ne, kome kyawun hujja.

Da a ce an sami zauren da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, da wannan muhawara ta zama abin ƙaruwa ga jam'iyyar, domin tambaya ce ta gaske: yaya ƙaramar jam'iyya mai aƙida za ta rayu tsakanin manya biyu? Hausawa na cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma a PRP sai ya zama.

Shekarar 1981

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ran 23 ga Yuni 1981 majalisar dokokin Kaduna ta tsige Balarabe Musa, ya zama gwamnan farko da aka tsige a tarihin ƙasar. An yi haka ne alhali jam'iyyar da doka ta sani ta riga ta kore shi, ba shi da inuwar da zai fake. Bayan kwana 17, ran 10 ga Yuli, tarzoma ta ɓarke a Kano sakamakon takardar tuhuma da gwamnatin jiha ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Aka ƙona gine-ginen gwamnati, cikinsu har da gidan rediyon jiha, aka kuma kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa, a gidansa. Kafin shekarar ta ƙare majalisar dokokin Kano ta tsige mataimakin gwamna, Alhaji Ibrahim Bibi Faruk, wanda ke ɓangaren Malam.

Bayan waɗannan abubuwa, saɓanin ya wuce batun taron gwamnoni. Jini ya zuba, muƙamai sun salwanta, kowane ɓangare yana da abin da yake riƙe da ɗan'uwansa a zuci. Muhawarar aƙida ta ja baya, gori da habaici da zage-zage suka cika dandalin taro.

Yaƙin Neman Zaɓen 1983

A haka aka shiga shirin zaɓe. PRP ta sāke tsayar da Malam Aminu Kano takarar shugaban ƙasa, ya kuma ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Amma mutanen da suka zagaya ƙauyukan Kano da Kaduna suna nema masa ƙuri'a a 1979, da yawansu yanzu a kan mumbarin sukarsa suke, suna kuma da'awar su ne 'yan PRP na haƙiƙa. Jaridar gwamnatin Kano da gidan rediyonta suna hannunsu. Malam kuwa abin da ke hannunsa shi ne rajistar jam'iyya da ƙaunar talakawa.

Tsarin mulkin 1979 bai yarda mutum ya tsaya takara ba sai a ƙarƙashin jam'iyya mai rajista. Wannan ƙa'ida ce ta tura 'yan santsi bango. A 1982 sun shiga ƙawancen PPA tare da UPN da NPP da wani ɓangare na GNPP. An nemi rajistar sabuwar jam'iyya mai suna PPP, FEDECO ta ƙi. Ƙawancen kuma ya kasa fitar da ɗan takara guda, domin Awolowo da Dokta Nnamdi Azikiwe kowa ya ƙi janye wa ɗan'uwansa. A ƙarshe Rimi ya koma NPP, ya ajiye muƙamin gwamna a watan Mayu 1983 domin ya yi takara a ƙarƙashinta, mataimakinsa Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya hau. A nan tsoron da Malam ya nuna tun 1980 ya tabbata: masu neman ceto aƙidar PRP sun ƙare da neman ƙuri'a ga ɗan takarar wata jam'iyya.

Amma zargin 'yan santsi ma bai faɗi ƙasa banza ba, domin S. G. Ikoku, Babban Sakataren da aka kori gwamnoni a zamaninsa, shi kansa ya bar PRP ya koma NPN.

Malam bai ga ranar zaɓe ba. Ya rasu a gidansa da ke Gwammaja ran 17 ga Afrilu 1983, dubban mutane daga santsi da taɓo suka raka shi makwancinsa. Jam'iyya ta tsayar da Halifa Hassan Yusuf a madadinsa. A zaɓen 6 ga Agusta ɗan takarar PRP ya sami kimanin ƙuri'a miliyan 1, wajen kashi 4 cikin 100, ƙasa da rabin kason da Malam ya samu a 1979. Shagari ya wuce kashi 25 a Jihar Kano, wadda ta hana shi haka shekaru huɗu baya. A zaɓen gwamnoni na 13 ga Agusta, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da Rimi a Kano, Kaduna kuwa ta faɗa hannun Alhaji Lawal Kaita na NPN.

Wajibi ne a yi hattara wajen karanta waɗannan alƙaluma. Zaɓen 1983 ya yi ƙaurin suna wajen maguɗi, kuma rasuwar Malam kaɗai ta isa ta rage ƙuri'un jam'iyyar. Duk da haka, abu guda ya fito fili. 'Yan taɓo sun riƙe Kano amma jam'iyyarsu ta tsuke ta zama ta jiha guda. 'Yan santsi sun rasa Kano da Kaduna duka biyu. NPN, wadda kowane ɓangare ke cewa ita ce abokiyar gāba, ita ta ci riba. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka rufe babin baki ɗaya.

Kwatanci da Wani Zamani

Domin a gwada ra'ayin wannan takarda, yana da kyau a duba wata jam'iyya da ta fuskanci irin wannan suka, ta kuma bi wata hanya dabam. A yaƙin neman zaɓen 2023, gwamnoni biyar na PDP, watau Nyesom Wike na Ribas, Samuel Ortom na Binuwai, Seyi Makinde na Oyo, Okezie Ikpeazu na Abiya da Ifeanyi Ugwuanyi na Inugu, sun fito fili sun janye daga yaƙin neman zaɓen ɗan takararsu, Alhaji Atiku Abubakar. Ƙorafinsu shi ne, tun da ɗan takara daga Arewa yake, bai kamata shugaban jam'iyya, Iyorchia Ayu, shi ma ya zama ɗan Arewa ba. PDP ba ta kore su ba, ba ta kuma biya musu buƙata ba, aka tafi a haka har ranar zaɓe, 25 ga Fabrairu 2023. Atiku bai ci ko ɗaya daga cikin jihohin nan biyar ba, ya sha kaye da tazarar kimanin ƙuri'a miliyan 1.8. Uku daga cikin gwamnonin, Ortom da Ikpeazu da Ugwuanyi, su ma sun faɗi takarar majalisar dattawa.

Akwai bambanci babba tsakanin lamuran biyu, domin rikicin PRP a kan aƙida da ƙawance ya fara, na PDP kuwa a kan rabon muƙamai. Amma sun haɗu a wuri guda. PRP ta amsa suka da kora, PDP ta amsa da ko-in-kula, kuma a duka biyun masu suka da wanda ake suka sun yi hasara tare.

Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa sukar da 'yan santsi suka yi wa Malam Aminu Kano tsiro ce daga irin da shi kansa ya shuka tun zamanin NEPU, kuma tambayar da suka tayar, ta wa za a yi tafiya da shi, tambaya ce da ta cancanci amsa. Ta kuma nuna cewa gargaɗin Malam game da shiga inuwar manyan jam'iyyu ya tabbata a 1983, kamar yadda zargin masu sukarsa game da wasu na kusa da shi ya tabbata. PRP ta ginu ne a kan martabar mutum guda. Wannan ya ba ta ƙarfin cin jihohi biyu cikin shekara guda da kafuwarta, amma ya hana ta samun zauren da ya fi kowa ƙarfi, inda shugaba da gwamna za su gurfana a matsayin 'yan jam'iyya. Da saɓani ya zo, babu alƙalin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi sai hukumar zaɓe, ita kuwa rajista take bayarwa, ba ta sasanta zukata.

Gidan Malam na Gwammaja, wanda aka fi sani da Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Ya kamata masu nazarin tarihi su himmatu wajen tattara bayanan dattawan santsi da taɓo da suka rage, maza da mata, a Kano da Jigawa da Kaduna da Katsina, a adana su a wuri guda, domin muhawarar da aka kasa yi a zauren jam'iyya a 1980 ta samu a yi ta a zauren ilmi.